MUDU BIYU A KASUWA ƊAYA: ZAHIRI DA TAWILI WAJEN MASU WA'AZIN BAIBUL

  

A daren 15 ga Fabrairu, 2014, a wani ƙaramin gari na jihar Kentaki ta ƙasar Amurka, wani fasto mai suna Jamie Coots ya ɗauki maciji mai mugun dafi a tsakiyar majami'a, kamar yadda ya saba, kamar yadda kuma ubansa da kakansa suka yi kafinsa. Macijin ya sare shi a hannu, aka kai shi gida, aka ƙi karɓar maganin asibiti, kafin gari ya waye ya mutu. Ba shi ne farau ba. George Hensley, wanda ya yaɗa wannan ɗabi'a tun farkon ƙarni na 20, shi ma saran maciji ne ya yi ajalinsa a shekarar 1955. Hujjarsu tana ƙarshen Linjilar Markus, sura ta 16, inda aka lissafa ɗaukar macizai da shan dafi ba tare da cutuwa ba cikin alamomin masu imani. Su sun ɗauki maganar a kan zahirinta. Sauran Kiristoci kuwa suka ce wannan jahilci ne, wasu suka ce kariya daga Shaiɗan ake nufi, wasu suka ce alama ce ta zamanin almajiran farko, ta wuce da wucewarsu.

To, amma akwai tambayar da ta riga wannan gardama: shin Markus ɗin ne ma ya rubuta wurin? Ayoyi 12 na ƙarshen surar, daga ta 9 zuwa ta 20, babu su a tsofaffin manyan kwafi biyu na Girkanci, wato kwafin Sina'i da kwafin Batikan, dukkansu na ƙarni na 4. Malaman coci na wancan zamani, Yusibiyas da Jerom, sun faɗa da bakinsu cewa mafi yawan kwafin da suka gani a aya ta 8 suka tsaya. Ke nan mutum ya ba da ransa a kan zahirin nassin da masanan addininsa ke shakkar asalinsa.

Ban kawo wannan labari don dariya ba. Mutuwar ɗan Adam ba abin dariya ba ce, kuma duk ɓatan da muke gani a aikinsa, babu mai cewa bai gaskata abin da ke hannunsa ba. Na kawo shi ne domin ya haɗa cuta biyu a jiki ɗaya: rashin tsayayyen ma'auni na rarrabe zahiri da tawili, da rashin tabbas kan matanin da ake aunawa.

MUDUN SAYE DA MUDUN SAYARWA

Duk ɗan'uwan da ya taɓa zama da masu wa'azin bishara, a tasha ne ko a cikin mota ko a ɗakin kwanan ɗalibai, ya san yadda zancen ke tafiya. Ka kawo masa aya daga littafinsa, ya ce ai wannan misali ne. Shi ya kawo maka tasa, ka ce ko ita ma misali ce, ya ce a'a, wannan a fili take. Allah Ya saukar da sura guda, Suratul Muɗaffifina, a kan mutumin da yake cika mudu in zai karɓa, ya tauye in zai bayar. Abin da ake yi wa hatsi a kasuwa, shi ake yi wa nassi a nan.

Mu ɗauki kalmar da duk rigimar ke kanta, wato ɗan Allah. Tsarki ya tabbata ga Allah. A littafin Fitowa, sura ta 4, an kira Bani Isra'ila ɗan fari na Ubangiji. A Sama'ila na biyu, sura ta 7, an ce magajin Dawuda zai zama ɗa gare Shi. Luka, da ya jero nasaba a sura ta 3, ya ƙare ta da kiran Annabi Adamu (A.S.) ɗan Allah. A Matiyu, sura ta 5, masu sulhunta mutane ma an yi musu alkawarin wannan suna. Ka tambayi kowane fasto, zai ce maka duk waɗannan majazi ne, ma'anarsu kusanci da zaɓi da ƙauna, haka Ibraniyawa ke magana. Madalla, mun yarda. Sai aka iso kan Isa (A.S.), kalma ita ce dai, al'umma ita ce dai, sai aka ce a nan kam zati ɗaya ake nufi. Mece ce ƙarinar da ta fitar da wannan wuri daga cikin 'yan'uwansa?

A nan sai in ja kunnen matasanmu. Kirista mai ilmi ba ya cewa Allah Ya yi aure Ya haihu irin haihuwar mutane, kuma wanda ya jingina masa haka ya yi masa ƙage, ya kuma ba shi ƙofar kuɓuta. Abin da majalisar Nikiya ta tsayar a shekarar 325 shi ne haihuwa ta azal, wadda ba ta da farko kuma ba halitta ba ce. To, ka gani, wannan ba zahirin kalmar ɗa ba ne, domin zahirin ɗa shi ne wanda ubansa ya riga shi samuwa. Ba kuma majazin da aka sani a harshen annabawan Bani Isra'ila ba ne. Ma'ana ce ta uku, wadda aka gina da kalmomin falsafar Girkawa kusan shekara 300 bayan Almasihu, sannan aka dawo aka ɗora wa nassi. Kalmar da majalisar ta zaɓa don bayyana zati ɗaya, babu ita ko sau ɗaya a cikin Baibul, kuma masu adawa da ita a wancan zamani da wannan hujjar suka yaƙe ta.

Haka zancen kasancewa ɗaya. A Yahaya sura ta 10 an ruwaito Almasihu yana cewa shi da Uba ɗaya ne, sai aka ce ga Allahntaka ƙarara. A sura ta 17 ta wannan littafi an ruwaito shi yana roƙo almajiransa su zama ɗaya kamar yadda shi da Uba suke ɗaya, sai aka ce wannan haɗin kai ne da manufa guda. A sura ta 10 ɗin ma, da Yahudawa suka ɗebi duwatsu suna tuhumarsa da mai da kansa Allah, amsar da aka ruwaito ya bayar ita ce ya tuna musu Zabura ta 82, inda aka kira wasu bayi alloli. Wato shi da kansa ya nuna musu hanyar majazi. Amma inda aka ruwaito shi yana cewa Uba ya fi shi girma, a Yahaya 14, ko cewa bai san ranar tashin Alƙiyama ba, a Markus 13, ko cewa zai hau zuwa ga Ubangijinsa kuma Ubangijin almajiransa, a Yahaya 20, maganganun da yaro ma zai gane su, nan ne ake kiran tawili ya kawo ɗauki. Sai a ce da ɗabi'arsa ta mutum ya yi magana, ba da ta Allahntaka ba. Wannan rabo na ɗabi'u biyu majalisar Kalkidon ce ta tsayar da shi a shekarar 451. Almasihu bai taɓa gaya wa masu sauraronsa cewa yanzu da wannan baki nake magana, an jima da wancan ba.

Allah (S.W.T.) Ya koya mana a farkon Suratu Ali Imrana cewa ayoyi bayyanannu su ne asalin Littafi, masu kama da juna kuwa gare su ake mayar da su, kuma masu karkata a zuci su ne ke bin masu kama da juna don neman fitina da tawili. Malaman sira sun ce farkon wannan sura ya sauka ne game da tawagar Kiristocin Najran da suka zo Madina. A Markus sura ta 12, da aka tambayi Almasihu doka mafi girma, kaɗaita Ubangiji ya fara ambata. Wannan shi ne bayyananne, amma sai aka mai da shi abin yi wa fassara, aka mai da mai ruɗarwa tushe.

Kada mai karatu ya zaci wannan wayon masu wa'azin tasha ne. Abin ya daɗe. Orijin, babban malamin Iskandariya ta Masar wanda ya mutu wajen shekarar 254, ya koyar da cewa nassi yana da jiki da rai da ruhi, kuma akwai wuraren da jikin ba zai yiwu a karɓe shi ba sam. Ya buga misali da littafin Farawa, inda aka ƙirga yini uku da safiyarsu da maraicensu alhali sai a yini na huɗu aka halicci rana. Abin mamaki, Yusibiyas ya ruwaito cewa wannan sarkin tawili a ƙuruciyarsa ya dandaƙe kansa saboda ɗaukar wata aya ta Matiyu 19 a kan zahirinta, ko da yake wasu masu tarihi suna shakkar labarin. Malaman Antakiya suka tashi suna sukar mutanen Iskandariya. Jagoransu Tiyodor ya ce Zabura huɗu kacal ne suke magana a kan Almasihu kai tsaye, ya kuma ce Waƙar Sulemanu waƙar aure ce, ba wata boyayyar magana a kan coci ba. Ya mutu a 428, sai a 553 majalisar Kustantiniya ta la'ance shi yana kabari, shekara 125 bayan mutuwarsa. Orijin ma bai tsira ba, a wannan zamanin aka yi Allah wadai da koyarwarsa. Mai zahiri ya sha, mai tawili ya sha.

Wanda ya yi ƙoƙarin kafa ƙa'ida shi ne Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, bishop na garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, wanda ya mutu a 430. Ƙa'idarsa ita ce: duk abin da zahirinsa bai dace da kyawawan ɗabi'u ko ingantacciyar aƙida ba, to majazi ne. A ji kamar magana mai kyau. Amma wa zai faɗi ingantacciyar aƙida? Coci. Ina coci ta samo ta? An ce daga nassi. Wane nassi, mai zahiri ko mai majazi? Wanda aƙida ta zaɓa. Mai ƙara ya zama shi ne alƙali, shi ne kuma shaida. Da irin wannan ƙa'ida babu ayar da za ta iya gyara aƙida har abada, domin duk wadda ta ɗaga kai za a ce mata misali ce.

Ga sakamakon. A watan Oktoba na 1529 aka tara Martin Luta da Zuwingili a garin Marburg na Jamus don a haɗa kan masu tawaye wa Fafaroma. Mutum biyu ne da suka yarda Baibul kaɗai ne hujja, kuma suka ce littafi ne bayyananne. Suka daidaita a kan batutuwa 14, suka rabu a na 15, a kan gurasar jibin ƙarshe da aka ruwaito Almasihu ya kira jikinsa. Luta ya rubuta kalmomin da alli a kan tebur, ya ce zahiri ne, ba ya motsawa. Zuwingili ya ce alama ce kawai, kamar yadda Almasihu ya kira kansa ƙofa da kurangar inabi ba wanda ya neme shi da ƙyaure ko ganye. Katolika kuma tun majalisar 1215 suna kan cewa gurasar tana juyewa ta zama jikin haƙiƙa. Wannan fa ibadarsu ce mafi girma, kuma har yau ba su daidaita ba. A shekarar 1633 kotun coci ta hukunta Galileyo, cikin hujjojin masu adawa da shi har da zahirin littafin Joshuwa sura ta 10, inda rana ce aka ce ta tsaya. A 1992 Fafaroma John Paul na biyu ya amsa cewa malaman da suka hukunta shi sun yi kuskure wajen fahimtar nassi.

Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Ƙofar da aka buɗe don kare aƙida, ta nan aka shigo aka kwashe aƙidar. A 1941 Bajamushe Rudolf Bultmann ya yi kira a tsame tatsuniya daga Sabon Alkawari, yana nufin mala'iku da aljannu da mu'ujizai da hawa sama. A 1984 aka naɗa David Jenkins bishop na Daram a Ingila bayan ya bayyana shakkarsa a talabijin kan cewa haihuwar Almasihu ba tare da uba ba ta faru a tarihi. Subhanallahi! Mu da ake cewa ba mu san Almasihu ba, wanda duk ya yi shakkar wannan haihuwa a cikinmu ya ƙaryata Suratu Maryam, ya fita daga Musulunci.

KAFIN A YI AWO, A DUBA HATSIN

Duk wannan gardama tana tsaye ne a kan zaton cewa kalmomin da ake jayayya a kansu sun fito daga bakin Almasihu. Ɗalibin hadisi ya san ba a fara sharhin matani sai an gama da isnadi. Almasihu (A.S.) da Aramiyanci ya yi wa mutanensa wa'azi, Linjilolin nan huɗu kuwa da Girkanci aka rubuta su. Masanansu sun sanya ta Markus, wadda suke ganin ita ce ta farko, wajen shekara ta 70, ta Yahaya kuma kusa da ƙarshen ƙarni na farko. Babu ɗaya da marubucinta ya ambaci sunansa a cikinta, kuma Luka ya faɗa a gabatarwarsa cewa shi mai bin diddigin abin da shaidu suka miƙo ne.

Mafi tsufan shaidar da suke da ita a kan marubutan ita ce ta Papiyas, wani bishop na farkon ƙarni na 2 a ƙasar Turkiyya ta yau. Littafinsa ya ɓace, sai gutsattsarin da wasu suka ciro, musamman Yusibiyas bayan kimanin shekara 200. Ya ce Markus bai ji daga Almasihu ba, daga Bitrus ya rubuta, kuma ba bisa jeri ba. Ya ce Matiyu da harshen Ibraniyawa ya tattara maganganun, alhali Matiyun da ke hannun mutane na Girkanci ne. Sannan shi Yusibiyas da ya kawo ruwayar ya siffanta Papiyas da ƙarancin fahimta. Don me? Don ya ɗauki mulkin shekara 1000 na Almasihu a bayan ƙasa a kan zahirinsa, bai gane misali ba ne. Ka ga inda igiyoyin biyu suka haɗu: marawaicin da isnadin ya rataya a wuyansa, wanda ya ruwaito daga gare shi ne ya yi masa jarhi, kuma a kan rigimar zahiri da tawili.

Rubutun farko na kowane littafi babu shi a duniya. Akwai kwafin Girkanci na Sabon Alkawari sama da 5,000, amma mafi yawansu na bayan ƙarni na 9 ne. Wanda ake ɗauka mafi tsufa ɗan guntu ne da bai kai tafin hannu ba, yana garin Mancesta, ɗauke da 'yan kalmomi daga Yahaya 18, ana kuma kai shi ƙarni na 2. A 1707 wani malamin Okusfod, John Mill, ya gwada kwafi kimanin 100, ya fitar da saɓani 30,000. Yau ana maganar dubban ɗaruruwa. Adalci ya wajaba a nan: mafi yawan waɗannan saɓani kuskuren harafi ne da gabatar da kalma ko jinkirta ta, ba sa canza ma'ana. Wanda ya ɗaga wannan adadi a muƙabala bai faɗi haka ba, ya yi ha'inci.

Amma ba duka ne ƙanana ba. Ban da ƙarshen Markus, labarin mazinaciyar da aka kawo don jifa, a farkon Yahaya 8, wanda masu wa'azi ke sukar haddin Shari'a da shi, babu shi a kwafin Sina'i da na Batikan, a wasu kwafin ma cikin Luka aka same shi. Mafi girma ita ce aya ta 7 a sura ta 5 ta wasiƙar Yahaya ta farko, aya ɗaya tilo da ta ambaci uku a sama ta ce ɗaya ne. Irasmus, da ya buga Sabon Alkawari na Girkanci a 1516 da 1519, bai sa ta ba domin bai gan ta a kwafinsa ba. Aka yi masa ca, ya sa ta a bugun 1522. Daga nan ta shiga fassarar Sarki Jems ta 1611, aka yi ta karanta wa talakawa ita a matsayin maganar Allah har masu gyaran 1881 suka cire ta. Su kan ce ai Triniti bai dogara da ita ba, tun da iyayen Nikiya ba su kafa hujja da ita ba. Gaskiya ne ba su kafa ba, domin babu ita a hannunsu. Tambayarmu ita ce: hannun da ya iya shigar da aƙida cikin nassi a zamanin da kwafi suka yi yawa har aka kama shi, me ya hana irinsa a shekaru 100 na farko da ba mu da kwafinsu?

Lissafi kuma ba ya karɓar tawili. Sarakuna na biyu, sura ta 8, ya ce Ahaziya yana da shekara 22 ya hau sarauta. Tarihi na biyu, sura ta 22, a matanin Ibrananci ya ce 42, alhali surar da ta gabata ta nuna ubansa yana da shekara 40 ya mutu. Ɗa ya girmi ubansa da shekara biyu ke nan. Sukan ce kuskuren mai kwafi ne, fassarori da yawa ma sun gyara shi zuwa 22. Mu ma abin da muke faɗa ke nan, hannun mutum ya shiga. A 1978 malaman bishara sama da 200 suka taru a Shikago suka fitar da sanarwa cewa Baibul ba shi da kuskure, amma suka ƙayyade cewa a haƙiƙa wannan hukunci na rubutun farko ne. An ba da shaidar tsarki ga littafin da ba wanda ya taɓa gani cikin masu shaidar. Ko yawan littattafan ma ba a daidaita ba: Furotesta 66, Katolika 73, cocin Habasha 81.

Za su ce: ku fa? Ba ga Warshu ga Hafsu ba? Usmanu bai ƙona mushafai ba? Ba ku da masu tawili? Kada ɗan'uwa ya firgita, kada kuma ya musa abin da yake tabbatacce. Ƙira'o'i sanannu ne, ƙidayayyu, kowace da sunan limaminta da isnadinta: Warshu daga Nafi'u na Madina, Hafsu daga Asimu na Kufa. Gardin tsangaya a Maiduguri ko Damagaram yana rubuta Alƙur'ani da ka, da harshen da ya sauka, in ya yi kuren wasali yaro ya gyara masa. Sayyidina Usmanu (R.A.) ya haɗa mutane a kan mushafi ɗaya kimanin shekara 20 bayan wafatin Manzo (S.A.W.), a gaban sahabban da suka haddace daga bakinsa. Fatun da aka gano a San'a a 1972, waɗanda rubutun ƙasa na ɗayansu ya saɓa wa mushafin Usmanu a wasu wurare, ba su zo da abin da malamanmu suka ɓoye ba, domin Ibnu Abi Dawud ya tattara labarin mushafan sahabbai irin su Ibnu Mas'ud da Ubayyu fiye da shekara 1000 da suka wuce. Masu tawili kuwa muna da su, daga Jahamiyya da Mu'utazila har Baɗiniyya da suka mai da salla da azumi alamomi. Amma malaman Sunna sun tsayar musu da sharaɗi: magana tana kan zahirinta har sai dalili ya zo, kuma sai lafazin ya iya ɗaukar ma'anar a harshen Larabawa, kuma kada wani nassi bayyananne ya ture ta.

LAIFI TUDU NE

Saura namu. Kaset-kaset ɗin Shaihu Ahmad Deedat, Allah Ya jiƙansa, musamman muƙabalarsa da Jimmy Swaggart ta 1986, sun farkar da matasa da yawa, yau ma suna yawo a wayoyi. Sai dai sun haifar mana da masu haddar lambobin ayoyi waɗanda ba su taɓa karanta sura guda daga farko zuwa ƙarshe ba. Irin waɗannan sukan ɗauki mudu biyun nan da muke zargi su sa a buhunsu.

Ga Linjilar Barnaba da ake sayarwa a bakin masallatai. Tsintacciyar mage ba ta mage. Ba ta da isnadi ko na taku ɗaya, kwafinta biyu ne da aka sani, na Italiyanci da na Sifaniyanci, ba wanda ya wuce ƙarshen ƙarni na 16 a tsufa. Ta kuma sa Isa (A.S.) yana musun cewa shi ne Almasihu, alhali Alƙur'ani da wannan suna ya kira shi. Yaya za mu ƙi Markus don rashin isnadi, mu rungumi wannan don ta faɗi abin da muke so? Haka masu cewa kalmar Girkanci da aka fassara da Mai Taimako a Yahaya 14 asalinta wata kalma ce mai ma'anar Ahmad. Mun yi imani Isa ya yi bushara da Ahmad domin Suratus Saffi ta faɗa, wannan ya ishe mu. Amma babu kwafin Girkanci ko ɗaya da ke ɗauke da waccan kalma, kuma wanda ya ce akwai za a ce ya kawo. Haka masu jingina da Bart Ehrman kamar wani shehinsu, su sani mutum ne da ya bar addini, yana kuma ganin gicciye Almasihu tabbataccen tarihi ne. A karɓi abin da ya kafa wa hujja a kan kwafi, a san inda aka rabu.

Manzon Allah (S.A.W.), a hadisin Abu Huraira da Buhari ya fitar, ya hana mu gaskata Ma'abota Littafi ko ƙaryata su a abin da suke ba da labari, domin a cikinsa akwai sauran gaskiya. Malamanmu ma ba su taru a kan cewa kowane harafi an canza shi ba. Ibnu Hazmi ya tsananta a kan canjin lafazi, wasu suka ce mafi yawan canjin a fassara yake, Shaihul Islami Ibnu Taimiyya a cikin Aljawabus Sahih ya bi tsakiya. Saboda haka ɗan'uwan da ke jefa Baibul a ƙasa ko yake yi masa ba'a, ya sani akwai sunan Allah da na annabawa a ciki, ya kuma saɓa wa Suratul Ankabut da ta ce a yi jayayya da su ta hanya mafi kyau. Waɗannan mutane maƙwabtanmu ne, shiriyarsu muke nema, kuma ƙasar nan ta ga isasshen jini.

A watan Afrilu na 1854, a birnin Agra na Indiya, Shaihu Rahmatullahi Alkairanawi ya zauna da ɗan mishan Fanda, marubucin Mizanul Haƙƙi, a gaban jama'a da manyan Turawan mulki. Bai fara da Triniti ba. Ya nemi a fara da shafewar hukunci da canjin nassi, abokinsa likita Wazir Khan kuma ya zo da littattafan masanan Turai da ya karanta da Turanci. Fanda ya amsa cewa akwai wuraren da aka samu canji, ya tsaya a kan cewa ba su taɓa aƙida ba, aka tashi ba a kai ga sauran batutuwan ba. Daga wannan zama aka samu littafin Izharul Haƙƙi a 1864, wanda Deedat ya ce shi ya tsinta a shagon da yake aiki ya canza rayuwarsa. Ɗan'uwan da zai zauna da mai bishara ya bi wannan jeri: ya tambaye shi wane Baibul cikin ukun, ya buɗe masa ƙarshen Markus su karanta ɗan bayanin da masu fassara suka sa a wurin, sannan ya roƙe shi ya faɗi ƙa'idarsa ta rarrabe zahiri da misali tun kafin a buɗe aya ta farko, a rubuta ta a takarda, ta hau kan kowa.

A fitowa ta wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki nasabar Almasihu guda biyu, ta Matiyu sura ta 1 da ta Luka sura ta 3, da hanyoyin da malaman coci suka bi don daidaita su.